Idan ɗan damfara ya cuci azzalumi, kan wa bashin ke faɗawa?

Zalika (Bilbis, Tawa): Assalamu alaikum ƴan uwa. Wata shida ke nan ina fama da wani littafi, na kai babi na 9 na cije, shi ya sa na kawo kukana gabanku. Ga labarin a taƙaice. Akwai wani da na sa wa suna Alhaji Tanko Mai Tirela. A fili ɗan kasuwar albasa ne da siminti, a ɓoye kuwa tramol yake safara, ya bi da shi Tawa, Abalak, Agadas har Libiya. Wata rana kaya suka faɗa hannun jandarmomi, sai ya lallashi direbansa Habu ya ɗauki laifin duka, da alkawarin zai riƙe masa iyali ya kuma fito da shi cikin wata uku. Habu ya shekara huɗu a gidan kaso ya mutu a can, Alhaji ko gaisuwar mutuwa bai aiko ba. Ƙanwar Habu, Indo, ita ce jarumata. Ba ta da shaida, ba ta da wanda zai tsaya mata. Sai ta nemo ƴan damfara biyu, wani tsoho da ya ƙare ƙuruciyarsa yana sayar da zinaren ƙarya tsakanin Yamai da Kwatano, da wani yaro gwanin salula. Su uku suka shirya sayar wa Alhaji ramin zinare a Jado, ramin da babu ko ƙwaya a cikinsa, kan miliyan 300 na sefa. Tambayata biyu. Ta yaya mai wayo irin Alhaji zai faɗa ba tare da mai karatu ya ce na raina masa hankali ba? Ta biyu kuma ita ke hana ni barci: maigidana ya karanta ya ce ina yi wa damfara kwalliya ne ina miƙa wa yara. Ku faɗa mini gaskiya, ba na fushi.

Laminu Kabu-kabu: Tanti Zalika ki ƙarasa kawai, ni na saya tun ba a buga ba. Ai an ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, ga shi Alhaji har biyan kuɗin ramin zai yi da hannunsa.

Sanusi Ɗan Gobir (Madawa): Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kafin malamai su iso su yi miki wa'azi, bari in rushe miki ramin tukun, don ni na je. Jado a 2014 aka gano zinarenta, ni ina cikin waɗanda suka hau mota a shekarar da ta biyo. A can ba rami ne abin ba. Da na'ura ake yawo ana sharar ƙasa, in ta yi kuka a tona, sau da yawa ba ya kai ƙugu. Inda ake haƙa rami mai zurfi har a sauka da igiya shi ne Cibarakaten, can wajen iyakar Aljeriya. Duk wanda ya taɓa zuwa ya karanta cewa an sayar da "rami a Jado" kan miliyan 300 zai ajiye littafin. Kuma gwamnati ta rufe Jado a 2017, to ki san shekarar da kika sa labarinki.

Zalika: Yaya Sanusi Allah ya saka. Ka ga abin da nake gudu ke nan. To in na mayar da shi Cibarakaten fa?

Sanusi Ɗan Gobir: Ya fi, amma da saura. Mutumin da motocinsa ke bin Agadas kullum yana da idanu a can. Zai aika yaronsa ya kwana uku a bakin ramin yana shan shayi da masu haƙa, kafin ya dawo ya san har sunan uwar mai ramin. Batun tsohonki mai zinaren ƙarya kuma, wannan sai dai ya yi wa baƙauye. Bari in gaya miki yadda na ga ana saye. Za ka kwance ƙullinka, mai saye ya zuba a ɗan kasko ya sa masa wuta ya narke ya zama dunƙule. Ya aza a sikeli ya rubuta. Sannan ya ɗora kofin ruwa a kan sikelin ya mayar da lambar sikelin sifili, ya ɗaure dunƙulen da zare ya nutsa shi cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindin kofin ba, ya sake rubutawa, ya raba na farko da na biyu a kalkuleta. Tsantsar zinare yana ba da 19 da ɗan ɗoriya, tagullar da ake cuɗa mutane da ita ba ta kai 9 ba. Duk abin bai kai dafuwar shayin farko ba. Na ga wani yaro ya tsaya gaban sikelin nan hannunsa na rawa, ashe abokin haƙarsa ya musanya masa ƙulli da dare. Bai yi magana ba, ya tattara ya fita.

Mariyama (Harobanda, Yamai): Yau Bagobiri ya yi magana mai ma'ana, a rubuta ranar.

Sanusi Ɗan Gobir: Bazabarma, ke koma kan kwanon koptonki, manya na magana.

Malam Issufu (Bukoki): Salamu alaikum. Malama Zalika, ni ina bayan maigidanki, kuma ba don ina ƙin ƙagaggen labari ba. Hadisi ya zo a fili: ka mayar da amana ga wanda ya amince maka, kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka. Wato cutar da Alhaji ya yi ba ta buɗe wa Indo ƙofar ha'inci ba. Na san wani zai ce malaman fiƙihu sun yi magana kan wanda aka danne wa haƙƙi ya sami damar ɗaukar abinsa a ɓoye, suna kafa hujja da Hindu matar Abu Sufyan da aka ce ta ɗebi abin da zai ishe ta da ɗanta gwargwadon al'ada. Gaskiya ne an yi saɓani a wannan. Amma waɗanda suka yarda ma sun ɗaure shi da sharaɗi: ka ɗauki daidai haƙƙinka, kuma ya zama ba zai jawo fitina ko zubar da mutunci ba. To mene ne haƙƙin Indo cikin miliyan 300? Su kuma abokan aikinta biyu, wa Alhaji ya kashe musu? Kasonsu za su karɓa, sana'arsu ce. Ga kuɗin ma na tramol ne, wanda ya haukata ƴaƴan mutane.

Laminu Kabu-kabu: Allah gafarta Malam, to ai Annabi Yusuf ma ya sa an saka kofin sarki a kayan ƙanensa don ya riƙe shi. Ba dabara ba ce?

Malam Issufu: Laminu, ji tsoron Allah. Wancan shiri ne da Allah da kansa ya ce Shi ya tsara wa Annabinsa, kuma babu wanda aka raba da dala ɗaya a cikinsa. Kada ka haɗa shi da masu sayar da ramin wofi.

Laminu Kabu-kabu: Na janye Malam, a yafe ni.

Mariyama: Malam, da girmanku, amma littafin Tanti ba fatawa ba ne. Dukanmu nan da tatsuniyar Gizo aka raine mu, ya yaudari Kura, ya yaudari Zaki, ya haɗa Giwa da Dorina jan igiya kowace na zaton da shi take ja. Kakanninmu ba su ga sun koya mana sata ba. Mai rauni ne ke ba kansa labarin ranar da zai ga bayan mai ƙarfi, tun da a zahiri ranar ba ta cika zuwa ba. Abin da zan ce wa Tanti kan tambayarta ta farko shi ne ta daina neman dabarar da ta fi ƙarfin Alhaji, ta nemi abin da Alhaji ke kwaɗayi. A 1925 wani Victor Lustig ya tara dillalan tsohon ƙarfe a Paris, ya ce shi jami'in gwamnati ne, za a rushe hasumiyar Eiffel a sayar da ƙarfenta a asirce. Ɗaya daga cikinsu ya biya, har da cin hanci a kai, da ya gane an yi masa sakiyar da ba ruwa kunya ta hana shi zuwa wurin ƴan sanda. Cin hancin nan shi ne makullin, don shi ya sa mutumin ya ji shi ne mai wayon. Ana ma ba da labarin Lustig ya taɓa karɓar dala dubu 50 hannun Al Capone, shugaban ƴan daban Chicago a Amurka, ya ajiye su bai taɓa ba, ya mayar masa ya ce cinikin ya lalace, Capone ya ga amana ya ba shi tukuici, wanda daman shi yake nema. Ko ya faru ko ƙari aka yi, marubuci na da abin ɗauka.

Hajiya Rabi (Sabon Gari): Ni ina karanta ku tun ɗazu raina na ɓaci. Ku yara kuna ganin ɗan damfara kamar ɗan wasan kwaikwayo ne mai hular gayu. Ni na gan shi a zaurena. Shekarar da marigayi maigidana ya sayar da albasarsa da kyau, wasu mutum biyu suka yi sati uku suna zuwa gaishe shi, suna bin shi sallah sahu ɗaya. Suka nuna masa akwati cike da baƙaƙen takardu, suka ɗauki uku suka wanke da wani ruwa a kwanon tuwona, suka zama takardun jikka goma goma sababbi fil, suka ce ya je kasuwa ya kashe ya gani. Ya kashe, suka shiga. Saura kuɗin ruwan wankin. Sai da ya zuba musu kuɗin albasa, ya sayar da shanu biyu, ya karɓo adashena. Ranar da ya buɗe akwatin shi kaɗai, takardar rubutun ƴan lekol ce aka yanka aka shafa mata baƙi. Mutumin nan bai ƙara zama fada ba har ya koma ga Allah, in ya ji ana dariya a waje sai ya ce da shi ake. Tsohon nan naki Zalika, kafin ya haɗu da Alhaji Tanko, gidaje nawa irin nawa ya shiga? Ko kin rubuta su?

Zalika: Inna Hajiya, Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Wallahi ban rubuta ba. Layi biyu kawai na yi, na ce ya tuba yana sayar da goro a Katako.

Hajiya Rabi: To ya tuba da kuɗin wa ya ja jarin goron?

Mariyama: Wannan tambayar kaɗai ta isa babi guda. Inna ku yi haƙuri, ban yi nufin taɓa muku miki ba.

Kawu Garba (tsohon jandarma, Tawa): Salama. Na jira kowa ya zube nasa. Hajiya, Allah ya gafarta wa mamaci. Abin da aka yi masa shi ne ainihin yadda ake yi, kuma a ciki amsar Zalika take, ko da yake da ɗaci. Ba a kama babban kifi da ƙugiya tsirara. Sai an bar shi ya ci sau ɗaya, ya ci sau biyu, da abu na gaske. To ƴata, manta da zinaren ƙarya. Bari tsohonki ya kawo wa Alhaji zinare na gaskiya, ƙasa da farashin kasuwa, ya ce na wasu ne da ke tsoron bi da shi ta hanyar hukuma. Alhaji ya gwada a ruwa kamar yadda Sanusi ya faɗa, ya sayar ya ci riba. A karo na biyu haka. Karo na uku shi da kansa zai ce a kawo duka. Wannan na nufin su Indo sai sun yi asara da gangan kafin su ci, ki nemo musu inda za su samo jarin, nan ma labari ne.

Sannan ki ba Alhaji dalilin son zinare. In kin sa labarin a 2016 kin huta. Dokar hana safarar baƙin haure an kafa ta a 2015, aka tsananta aiki da ita a shekarar da ta biyo, aka yi ta kama motoci da direbobi a yankin Agadas, sai a ƙarshen 2023 aka soke ta. Hanya ta yi zafi ga duk mai ɗauke da abin ɓoyewa. Mutum mai buhunan kuɗin da ba zai iya kai su banki ba, me ya fi masa zinare, da za ka sa dukiyar gida goma a aljihun riga?

Amma kuskurenki babba ba nan yake ba. Kin rubuta Alhaji kamar shi ne ƙarshen tsani. Babu irin wannan. Ku tuna tan 17 na tabar wiwi da aka kama a wani sito a Yamai a watan Maris na 2021, kayan da suka taso daga Labanan suka sauka Lome za su Libiya. Wane Alhaji ɗaya ne ke da wannan? Kowane babba yaron wani ne. Miliyan 300 da zai fitar dare ɗaya ba nasa ba ne duka, na masu kaya ne da ya riƙe zai juya kafin lokacin biya. Ranar da suka ɓace, ba kwamisariya zai tafi ba, ba kuma talauci zai ji tsoro ba.

Laminu Kabu-kabu: Kai! Kawu wannan ai ya fi daɗi. Manyansa su gama da shi, Indo ko yatsa ba ta ɗaga ba.

Malam Issufu: Ka ji ko? Daga damfara mun koma kisa da hannun wani, kuma ana tafi. Wannan ita ce fitinar da malamai suka sa wa sharaɗi.

Kawu Garba: Malam, ni ban ce a tafa ba, na faɗi abin da ke biyowa ne. In da ni ne mai alƙalamin ma ba haka zan ƙare shi ba. Capone da Mariyama ta ambata, duk jinin da aka zubar a Chicago ba shi ya kai shi kaso ba, takardar haraji ce ta kai shi a 1931, aka yanke masa shekara 11. Da su Indo za su sa kwaɗayi ya ja Alhaji ya sa hannu a takarda, ko ya yi magana da bakinsa yaron nan mai salula ya naɗa, abin ya isa teburin alƙali mai bincike, da na fi jin daɗi. Amma na san ku masu karatu, za ku ce tsoho ya ɓata miya.

Mariyama: Tonton, ba ɓata miya ba ne, sai dai Indo ta riga ta ga inda takarda ta kai yayanta. In ta koma ta dogara da ita a babin ƙarshe, mai karatu zai ce to me ya hana ta tun farko? Ni abin da nake so in gani shi ne abin da Inna Hajiya ta faɗa game da Baba, Allah ya jiƙansa, amma a juya shi kan wanda ya cancanta. Alhaji ya shigo ɗaurin aure, a tashi a ba shi wuri kamar kullum, sai can baya wani yaro ya ce "mai zinare ya iso" a yi ƙasa da kai ana danne dariya. Mutumin da tsoro ne jarinsa, ranar da aka fara yi masa dariya wa zai ƙara ɗaukar masa laifi ya tafi kaso?

Sanusi Ɗan Gobir: Bazabarma ta yi gaskiya, abin ya ba ni haushi. Sai dai kin manta irinsu ba sa haɗiye kunya su kaɗai. Wanda na yi wa aiki a daji, in aka cuce shi a ciniki, mu ne ke kwana ba ruwa.

Kawu Garba: Yawwa Sanusi, nan nake son zuwa. Zalika, baƙo ba ya shiga falon irin Alhaji haka kawai. Dole wani na gida ya kawo shi ya ce na san shi, mutumin kirki ne. A duk irin wannan shari'a da na gani, masu damfara sun tsallaka Ƙonni kafin asuba, wanda ya yi musu iso shi ake samu. Wa ya shigar da tsohonki wurin Alhaji?

Zalika: Innalillahi. Ɗan Ladi ne, Kawu. Direban da ya gaji motar Habu. A babi na 5 Indo ta je ta same shi a tasha, ta tuna masa Habu ne ya koya masa tuƙi, ya yarda ya gabatar da tsohon a matsayin kawunsa. Daga nan ban sake ambatonsa ba. Na ma ba shi mata mai ciki don in sa a tausaya masa, sannan na manta da shi.

Hajiya Rabi: To kin ga Indo ta yi wa Ɗan Ladi abin da Alhaji ya yi wa Habu.

Laminu Kabu-kabu: A'a Inna, ai ita ba da gangan ba.

Hajiya Rabi: Matar tasa za ka je ka yi wa wannan bayanin.

Malam Issufu: Malama Zalika, in za ki rubuta wannan ɗin, Indo ta tsaya ta ga abin da hannunta ya jawo, to ni ma zan karanta. Ban sauka daga maganata kan ha'inci ba, kada Laminu ya je ya ce Malam ya halatta.

Mariyama: Amma don Allah Tanti kada ki mayar da shi wa'azi. Ki bar mu mu ji daɗin faɗuwar Alhaji sosai, mu yi dariya har da hawaye, sannan ki buɗe shafi na gaba.

Zalika: Na ji duka. Ramin Jado ya tafi, babi uku ke nan sun zube, Yaya Sanusi kai ka ja. Zan kira ka gobe bayan la'asar ka sake yi mini bayanin sikelin nan a hankali, da yadda ake ƙulle zinaren. Inna Hajiya, in kun yarda ina so in zo gida in zauna da ku, ba zan sa suna ko unguwa ba. Abin da ban sani ba har yanzu shi ne ko Indo ta san abin da zai sami Ɗan Ladi tun ranar da ta je tasha, ko sai daga baya ya faɗo mata. In ta sani, ban ga yadda zan ci gaba da sonta ba.

Kawu Garba: Tsohon ya sani, wannan ba shakka, aikinsa ne. Ki duba ko ya gaya mata.

Hajiya Rabi: Ki zo ran Alhamis da hantsi, kafin jikoki su taso daga lekol. Akwatin na nan ƙarƙashin gado, ban taɓa yarda an jefar ba.